Dusar Saniyar Garuba

Garuba ya zo neman aiki wurinmu da sanda a kafaɗa, hannuwansa biyu rataye a kanta, irin tafiyar da makiyayi ke yi a bayan shanu. Shanun ne kawai babu. Muna buga bulo a ƙarshen Maitumbi, inda gari ke ta cinye gonaki, kowane ma'aikacin gwamnati yana son ya tsayar da ɗaki biyu kafin ya yi ritaya. Na dube shi, siriri kamar sandar tasa, na ce masa wannan aikin ba na Bafulatani ba ne. Kakana Babarbare ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna, saboda haka, da yake akwai wasa tsakaninmu da Fulani, ina da ikon faɗa masa abin da na ga dama. Ya jingine sandar, ya ɗauki shebur, ya yi ta loda yashi a baro har la'asar. Da muka tashi ya wanke hannu, ya ce, "Maiwada, bawan Fulani, gobe da wane lokaci?"

Tun ranar muke tare.

Labarinsa a gutsure na same shi, don ba mai surutu ba ne. An haife shi a wata ruga tsakanin Beji da Zungeru. Ranar sunansa ubansa ya ba shi karsana, kamar yadda suke yi wa kowane ɗa, kuma daga zuriyarta aka sami wata mai farin goshi da yake kira Wule. Cuta ta fara rage musu garke. Jinyar uban ta ci wasu. Abin da ya saura ɓarayi suka kora, bayan uban ya rasu, lokacin da garken ke hannun Garuba. Wannan ne abin da ya kasa haɗiyewa, wai a hannunsa suka ƙare. Kawunsa Yunusa, ƙanen mahaifiyarsa, ya ce ya zauna tare da su. Ya ƙi. Ya ɗauki matarsa Nuriyya suka shigo Minna, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka ruga ba sai yana jan karsana tasa ta kansa da igiya.

Sau ɗaya ya taɓa yi mini maganar Wule. Muna cin doya da mai a gindin darbejiya, ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Ko tari na yi sai ta ɗago kai. Cikin shanu masu yawa, ita kaɗai." Ya ci gaba da cin doyarsa.

Akwai hanyar da shanu ke bi a bayan filinmu in za a kai su ruwa. Duk ranar da suka zo wucewa, na san baro zai tsaya. Zai ce waccan tana da ciki, waccan ƙafarta na ciwo mai ita bai lura ba, wancan bajimin ya yi ƙishi. Sai ƙurarsu ta kwanta yake dawowa cikinmu. Ban taɓa yanke masa kuɗin wannan tsayuwar ba.

Akwai wani shagon betin, inda ake sa kuɗi a kan wasan ƙwallo, kusa da inda masu keke ke tsayawa. Ni caca nake ce mata, don caca ce, ko an sa mata talabijin da fanka. Leburorinmu can suke kai kuɗin mako ranar Asabar. Mutum zai jera wasanni masu yawa a tikiti guda, dogo kamar rawani, Litinin ya dawo yana rantsuwa wai wasa ɗaya ne kawai ya yanke shi. Kullum wasa ɗaya ne. Garuba ya daɗe yana raka su, yana tsayawa a bakin ƙofa yana kallo, ba ya sa ko sisi. Wata rana muna kwaɓa siminti ya ce mini, "Mutanen nan mahauta ne. Suna yanka saniya don romon wuni guda. Ni tatsa zan yi."

Na ce, "Wace saniya?"

Ya ce zan gani.

Mun yi wani babban aiki na katanga, aka biya mu da kyau. Garuba ya ware rabonsa kusan duka, ya kai wa Faith, yarinyar da ke zama a kanta a shagon, ta buɗe masa asusu a wayarsa ta zuba. Wannan kuɗin ne saniya. Ya kafa wa kansa dokoki, kuma duk daga ruga ya ɗauko su. Ba a taɓa jikin saniya, ƙwarya ɗaya ake tatsa: wani ɗan kuɗi ƙanƙani, iri ɗaya kowace Asabar, a kan wasa ɗaya tak, ba ya haɗa shi da wani. In ya ci, ba ya kwashe ribar duka. Rabi yake cirewa ya kai wa Nuriyya ta ajiye don karsana, rabi ya bari a ciki, wai mai tatsar da ba ya rage wa maraƙi nono ba makiyayi ba ne. In kuwa aka yi ta cinye shi mako bayan mako, sai ya ce rani ne ya shigo, ya rage ƙwaryar ta koma ludayi har abin ya wuce. Ranar da ransa ke ɓace ba ya zuwa shagon gaba ɗaya, don saniya tana jin hannun mai fushi.

Irimiya, direban tifar da ke kawo mana yashi, yana da tasa hanyar. In an cinye ka, ka ninka. In an sake, ka sake ninkawa. Ranar da ka ci, komai zai dawo har da riba.

"Garba, wannan ludayin naka sai ka tsufa ba ka sayi ko wutsiyar saniya ba," in ji shi. "Ninka mana! Lissafi ne, ba addu'a ba."

Garuba ya ce, "In ranin ya fi aljihunka tsawo fa?"

"Wane irin rani? Bature ne ke buga ƙwallon nan, can ba su da rani."

Kafin shekara ta zago Irimiya ya sayar da babur ɗin matarsa. Garuba bai yi masa dariya ba, amma na ga ya ƙara yarda da kansa.

Dole in ba shi haƙƙinsa. Na yi aiki da mutane da yawa, masu rantsuwa da Alƙur'ani da masu rantsuwa da Baibul, ban ga wanda ya riƙe dokar da ya kafa wa kansa kamar Garuba ba. Ranar da ya ci, bai ƙara ƙwarya ba. Ranar da kowa a shagon ke ihu wai wannan wasan tabbas ne, a zuba komai, shi ƙwaryarsa ya miƙa. Faith har ta saba. Hausarta irin ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, sai ka ji ta ce, "Baba Garba, yaya saniyanka? Yau zai ba da nono?" Shi kuma ya ce, "Sai abin da Allah ya yi," abin da ni ban ga wurinsa a wannan shagon ba.

Amma akwai abu ɗaya da bai sa cikin dokokin ba, don a wurinsa ba doka ba ce, kiwo ne. Duk ƙarshen wata, in ya duba ya ga saniya ta rame, sai ya ciri wani abu daga kuɗin aikinsa ya ƙara mata. Yana kiran wannan dusa. Wani lokaci, in ranin ya yi tsawo, har abin da ke hannun Nuriyya yakan karɓo ya mayar.

Na ce masa, "Garuba, wannan ai asara ce kake cikewa."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Dusa ce. Ka taɓa ganin makiyayin da ya sa dusa cikin asara? Abin da ke ba ka nono dole ka ciyar da shi."

Na ce ni ban san shanu ba. Na dai san in na zuba buhun siminti a inji, bulo nake son in gani ya fito.

"Shi ya sa kuka ƙare a bayi," in ji shi.

Na ƙyale shi. Kuɗinsa ne, guminsa ne, kuma bai taɓa barin gidansa da yunwa ba.

Wani lokaci ranar da ba mu da aiki yakan ja ni mu je kara, inda ake sayar da shanu. Ba saye za mu yi ba. Zai zaga, ya tsaya gaban wata farar karsana, ya shafa wuyanta, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya yi mata wata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa. Dillalai sun gane shi, sun daina tasowa. Zai tambayi kuɗinta duk da haka. Kowane zuwa kuɗin ya wuce inda ya bar shi. Bayan an cire tallafin mai abin ya zama kamar gudu. A hanyar dawowa sai in ga yana shinshina tafin hannunsa.

Haka muka yi ta tafiya har ranar da magana ta fi ƙarfinsa.

Nuriyya tana sayen nono wurin matan da ke kawowa daga wajen Beji, wasunsu danginta ne. Wata Asabar suka tambaye ta ina maigidan. Ita kuwa ta gaji da wannan saniya da ba ta taɓa gani ba, ta ce musu cikin haushi, "Ya tafi kai wa saniyarsa dusa." Ita gatse ta yi. Su kuwa suka ɗauka da gaske, suka kai ruga da murna: Garuba ya yi saniya a Minna.

Asabar ɗin ƙarshen wata, da hantsi, na gama biyan mutane ke nan, sai keke ya tsaya a bakin filinmu. Wani tsoho ya sauko, dogo, da malafa da sanda, mai keke ya sauke masa wani ƙaramin buhu. Garuba yana wanke shebur. Da ya ɗago ya gan shi, shebur ɗin ya faɗi cikin duro.

Ya je ya durƙusa, ya kau da kai gefe kamar yadda suke yi wa manya. Suka daɗe suna gaisawa da Fillanci. Sannan tsohon ya juyo ya gaishe ni da Hausa, ya ce shi ne Yunusa, kawun wannan. Na ba shi bulo ya zauna a inuwa, na sa aka kawo ruwa.

Ya sha, ya nuna buhun da sandarsa. "Kanwa ce na kawo mata. Ciyawar gari ba ta da gishiri, saniya sai ta yi ta lasar bango. To, ina take? Tun shekaranjiya matata ke cewa in zo in gano musu kalarta."

Garuba yana ta tonon ƙasa da yatsa.

"Ko ka kai ta kiwo ne?"

Shiru.

Ni ba na iya irin wannan shirun. Na ce, "Baba, tana cikin aljihunsa."

Garuba ya harare ni, amma ya ciro wayar. Ya fara bayani, rabi Fillanci rabi Hausa. Turawa ne ke buga ƙwallo a ƙasarsu, mutum yana faɗin wanda zai ci, in ya dace a ƙara masa kuɗi. Ya yi maganar ƙwarya da ludayi, da rabon maraƙi, da rani. Na zaci tsohon zai tashi da wa'azi, don na san ya gane caca ce tun daga jimlar farko. Bai yi ba. Ya karɓi wayar, ya juya ta gaba da baya, ya mayar masa.

Ya ce, "Tun yaushe take hannunka?"

"Tun mai yana da araha, Kawu."

"To ai ta isa. Tana ci?"

"Tana ci."

"Kowane wata?"

"Kusan kowane wata."

"Tana ba da nono?"

"Wani lokaci tana bayarwa."

"Nonon da ta bayar, in ka kai kasuwa, ya sayi dusar da ta ci?"

Garuba ya ce, "A'a."

"Ta fi yadda ka samo ta girma?"

"Ta ɗan rame. Rani ne ya..."

"Damina ba ta sauka a Minna ne?" Tsohon ya gyara zama. "Garuba, tambaya ɗaya ta rage, kai ma ka san ta. Ta taɓa haihuwa?"

Ya ce, "Ba ta taɓa ba."

"In ɗan wani ya zo maka da wannan labarin a kan saniyarsa, me za ka ce masa?"

Garuba ya rufe fuska da tafin hannu. Daga cikin hannun muka ji ya ce, "Juya ce."

"Ina ake kai juya?"

"Kasuwa."

Ni na yi shekaru ina faɗa masa da bakin siminti, bai ji ba. Ashe da bakin shanu yake ji.

Can Kawu Yunusa ya ce, yana kallon wani wuri, ba Garuba ba, "Lokacin da cuta ta kwantar mini da garke, kai kana goye, ubanka ya ɗaure mini karsana. 'Yar uwar wadda aka ba ka ranar suna ce. Ta haifa mini, na mayar masa da abarsa. Jininta na nan a garkena har yau. Akwai wata 'yar bana biyu, goshinta fari, ita zan ɗaure maka." Ya ƙara da cewa, "Da ka tsaya ka saurare ni ranar da za ka tafi, da tuni na ɗaure maka wata, 'ya'yanta na kiwo da sunanka."

Wannan al'adarsu ce, suna da sunanta da Fillanci, ni na manta. Wanda ya rasa, ɗan'uwa yakan ba shi aron karsana. In ta hayayyafa, 'ya'yan nasa ne, uwar ta koma wa mai ita.

Garuba ya ce, "Na yi alkawari ba zan koma hannu rabbana ba."

"Wa ka yi wa alkawarin? Ni dai ba ni ba." Tsohon ya buga sandarsa a ƙasa. "Abu ɗaya. Kuɗin caca ba zai shiga garkena ba. Ko dusa kada ka saya mata da shi."

A nan ne Garuba ya ɗago, karo na farko ya dubi kawunsa ido da ido. Ya ce, "Kawu, wallahi babu ko sisin caca a ciki. Nawa ne, wanda suka rage mini."

Tsohon ya yi dariya har malafarsa ta zame. Ni ma na yi. Garuba bai yi ba.

Muka raka shi shagon, ni da tsohon muka tsaya a waje. Ta taga nake jinsu. Faith ta ce, "Duka? Haba Baba Garba, za ka yanka shi? Kai da kake koya wa mutane haƙuri?"

Ya ce, "Ba yanka ba ne. Kasuwa na kawo ta."

Ya fito da kuɗin a hannu. Ba su kai abin da ya zuba ranar farko ba, balle a yi maganar dusa. Ya tsaya yana kallonsu kamar mai kallon fata bayan an tafi da nama. Kawu Yunusa ya tsayar da keke, ya nuna buhun. "Ɗauko kanwar. Mai ita tana can tana jira."

Bai bar aikin bulo ba, don karsanar aro ba ta ciyar da gida. A Maitumbi ma babu inda zai ɗaure ta, saboda haka tana can cikin garken kawunsa. Ranar Asabar in mun tashi, yakan sayi dusa rabin buhu, ya shiga motar Beji, ya dawo Lahadi da yamma da warin hayaƙin ruga a rigarsa. Hanyar tasha ta gaban shagon take bi. Na sha ganinsa yana rage tafiya a wurin, yana leƙen talabijin, yana taɓa aljihu. Abin da ke zuciyarsa ban sani ba. Ƙafarsa dai tasha take zuwa, ni kuma ƙafa nake dubawa.

Karsanar ba ta haihu ba tukuna. Tana iya ɓari, cuta na iya zuwa, waɗanda suka kore na farko ma ba su tuba ba. Shi ma ya san haka, bai kuma kafa wata doka a kai ba.

Sau ɗaya na bi shi, don ina son in sayo doya a Beji. Muka isa rugar da la'asar, shanu suna dawowa. Ya nuna mini ita tun daga nesa, fara, da wani haske a goshi da ya fi sauran jikin. Ya ajiye dusar, ya tsaya a bakin shinge. Sai na ji ya yi tari.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kora ƙuda da wutsiya.

Ya sake yi, a hankali. Wata tsohuwar saniya ta waiwayo ta kau da kai. Ita ko kunne ba ta motsa ba.

Ya ce, "Ba ta san ni ba tukuna."

Na ce, "Tarin naka ne ya canza. Siminti ya shiga."

Ya yi ɗan murmushi, idonsa na kanta. Ya kwance bakin buhun, ya cika ƙwarya da dusa, ya cire takalmansa, ya shiga cikin garken.